Alƙalami a Hannun Kowa: Nauyin da Ke Kan Mai Fara Rubutu a Intanet

A shekarar 1933, lokacin da Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda daga baya aka sake wa suna Hukumar Talifi, ta ƙuduri aniyar samar wa masu karatun boko littattafan hira cikin harshen Hausa, sai da shugabanta Rupert East ya bi manyan garuruwan Arewa yana tara malamai yana roƙonsu su ƙago labari su rubuta, domin a wancan zamani mutumin da ya san darajar tawada bai saba zubar da ita a kan abin da ba addini ba ne, ko tarihi, ko wasiƙar sarauta. Daga cikin abin da aka aiko aka zaɓi littattafai biyar, aka fara buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya rubuta shi yana saurayi ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina; Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara; Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa; Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo; da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Biyar ke nan kacal, a ƙasar da ta cika da malamai masana nahawu da balaga, waɗanda suka gaji ɗaruruwan littattafan Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello.

Yau al'amarin ya juya gaba ɗaya. Tun daga 2001 da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, har zuwa yanzu da ta zama abin da ɗalibi da ɗan tireda da matar aure a cikin ɗakinta kowa ke riƙe da shi, ƙofar da a da sai an yi sallama an jira izini kafin a shige ta ta zama a buɗe dare da rana. Duk wanda ya iya haɗa baƙi, yana da caji a waya da ɗan abin sayen data, yana iya rubuta abin da ke ransa da hantsi a Gusau, kafin azahar an karanta shi a Maraɗi da Kumasi da Jidda. Wasu a Facebook suke zubawa, wasu a zaurukan WhatsApp, masu ƙagaggun labarai da yawa sun koma Wattpad, wasu kuwa sun buɗe wurin kansu a WordPress ko Blogger, inda ba a karɓar ko sisi daga mai fara koyo. Ni dai ina ganin wannan ni'ima ce babba wadda ta cancanci godiya, ba na kuma cikin masu kukan cewa rubutu ya lalace saboda talakawa sun shigo shi. Sai dai kowace ni'ima tana tafe da hisabinta, hisabin wannan kuwa shi ne cewa mutanen da a da suke tsaye tsakanin marubuci da mai karatu sun kau, aikin da suke yi kuwa bai kau ba, a kan sabon marubucin ya faɗo, sau da yawa ba tare da ya ma san an taɓa yin wani aiki mai kama da haka ba.

Ya kamata a tuna ko su wane ne mutanen nan, da abin da suke yi. A tsarin karatunmu na zaure, almajiri ba ya karantar da littafi sai ya ɗauke shi daga bakin malami, malamin ya gamsu ya ba shi izini. Mai kwafar littafi da hannu kuwa, in ya gama, akan zauna a yi muƙabala, wato a gwada abin da ya rubuta da asalin da ya kwafo, kalma da kalma, don kada kuskuren alƙalami ya zama kuskuren hukunci a hannun na baya. Da boko ya zo, aikin ya koma hannun edita. Abubakar Imam kansa, duk da baiwar da Allah Ya yi masa, sai da ya bar Katsina ya tare a Zariya na wasu watanni a 1936, yana rubutawa ana dubawa ana mayar masa yana gyarawa, kafin Magana Jari Ce ya fito cikin juzu'i uku. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, shi ya zama mai duba na wasu, wasiƙun masu karatu daga kowace kusurwa ta Arewa suna bi ta gabansa kafin su shiga maɗaba'a. Ko a zamanin adabin kasuwar Kano, daga shekarun 1980, lokacin da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka nuna cewa mutum yana iya fitar da littafinsa ba tare da ya jira wani babban kamfani ba, akwai sauran shinge: kuɗin takarda, da mai buga keken rubutu, da mai maɗaba'a, da dillalin littattafai na kasuwar Sabon Gari wanda in bai ga alamar za a saya ba ba zai karɓa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana jinkirta marubuci, jinkirin kuwa yana ba shi damar sake tunani. Mai rubutu a waya ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Shi ne mawallafi, shi ne edita, shi ne mai muƙabala, shi ne maɗaba'a, shi ne dillali, shi ne kuma ma'ajin da zai adana abin da aka rubuta. Tsakanin tunaninsa da idon dubban mutane babu komai sai taɓawar yatsa guda.

Saboda haka tambayar farko da ta wajaba ga sabon shiga, tun kafin ya damu da wane dandali zai zaɓa ko wane suna zai raɗa wa wurinsa, ita ce: me na sani wanda zan iya tsayawa a kansa in an tambaye ni hujja? A nan ne mafi yawan masu farawa suke yin tuntuɓe, domin abin da suka fi gani shi suke kwaikwayo. Za ka tarar da saurayi ya buɗe shafi yau, gobe ya fara kwaso labaran siyasar Abuja, da sakamakon ƙwallon Ingila, da tsegumin 'yan fim, yana sake musu kanu yana liƙawa, alhali mai karatu ya riga ya ji su tun da asuba daga Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shirye-shirye tun 1957, ko daga rediyon Jamus, ko na Faransa, ko jaridar Aminiya, waɗanda ke da wakilai da editoci da albashin biyan su. Ba a yin gasa da irin waɗannan a fagensu, ba kuma buƙatar a yi. Bayan wata biyu ko uku sai saurayin ya gaji, ya ce Hausawa ba sa karatu, ya rufe. Hausawa suna karatu. Abin da ya ba su ne suka riga suka samu a wani wuri.

Alhali kuwa akwai wani fage mai faɗin gaske wanda babu kowa a cikinsa. A dubi misalin Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga, daga bisani ya zauna a Kete-Krachi cikin ƙasar Gana ta yau, ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Malami ne mai waƙoƙin Larabci da na Hausa, amma wani sashe mai daraja na abin da ya bari shi ne bayanin da ya rubuta da ajami, bisa roƙon wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich, game da tarihin garuruwan Hausa da yadda mutanensu ke zaune, da sana'o'insu da al'adunsu. Abubuwa ne da a zamaninsa kowa ya san su, har ba a ganin sun isa a ɓata musu takarda. Ga shi yau manazarta a Turai da Amurka da jami'o'inmu suna ta komawa gare su, domin waɗanda suka san abubuwan da ka sun shuɗe, rubutun ne ya saura. Haka nan Baba ta Karo, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, wadda ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana ba ta labarin rayuwarta, aure da goyo da ƙawance da zamanin harin bayi da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, har yau kuma yana cikin abubuwan da ake dogara da su wajen sanin rayuwar matan Hausa ta wancan zamani. Abin da ke sosa mini rai a cikin labaran nan biyu shi ne, a kowannensu sai da baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya ce a rubuta, sa'an nan aka rubuta.

To, yau wa muke jira? Ɗan marina na Ƙofar Mata ya san yadda ake haɗa baba da toka a karofi, da kwanakin da ake jira kafin ruwan ya nuna, da bambancin shuɗi da baƙin rini, amma in ka nemi wannan bayani a rubuce da Hausa mai kyau, daga bakin mai sana'ar, da wuya ka same shi. Dillalin hatsi na Dawanau ya san dalilin da ke sa farashin gero ya faɗi da kaka ya tashi da bazara, da yadda ake gane buhun da aka yi wa algus. Mai zuwa kasuwar shanu ta Wudil kowace Juma'a ya san sunayen shanu da kamanninsu da ladubban ciniki da la'ada. Manomin albasa na Galmi a Nijar, da mai noman rani na Kadawa, da majemin Sakkwato, da mai bin dambe wanda ya san tarihin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, da ungozoma, da ma'aikaciyar asibitin karkara wadda kullum take amsa tambayoyi iri ɗaya daga masu juna biyu, da malamin makarantar allo wanda ya san ƙa'idojin satu da wanke allo da zayyana: kowannensu yana ɗauke da littafi a ƙirjinsa. Wanda ba shi da sana'ar kansa yana da kaka ko kakan da zai zauna a gabansa ya tambaya. Wannan shi ne rubutun da ba wanda zai riga ka, ba kuma wanda zai ƙaryata ka a kansa, kuma shi ne wanda darajarsa ke ƙaruwa da tsufa, saɓanin labarin siyasa da ke mutuwa kafin magariba.

In an sami abin rubutawa, sai maganar amana, wadda ita ce mafi nauyi a cikin duk abin da edita ya bar wa marubuci gado. Al'ummar da ta gaji ilmin isnadi bai kamata a koya mata tantance labari ba. Malaman hadisi, irin su Imamu Buhari da Imamu Muslim, ba su karɓi magana don ta yi daɗi ko don ta dace da abin da suke so ba. Sai sun san wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da ko su biyun sun yi zamani ɗaya, da ko mai riwayar an san shi da gaskiya da kiyayewa, har aka gina fanni sukutum na jarhi da ta'adili a kan haka. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuwa ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma faɗi dalili, wato kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Duk da wannan gado, babu kalmar da ta fi yawo a wayoyinmu kamar "haka aka turo mini", wadda mai faɗinta ke zaton ta wanke shi, alhali ita ce shaidar cewa ya yaɗa abin da bai san asalinsa ba. Mun ga abin da wannan ke haifarwa. A farkon watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. Mutane suka tashi 'ya'yansu da tsakar dare suka ba su, aka kwantar da mutane da dama a asibiti, aka kuma rasa rayuka. A 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki waɗanda wasunsu ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba, suka ƙara wa wutar fitina ƙarfi. Waɗanda suka tura abubuwan nan mafi yawansu ba mugaye ba ne. Da niyyar taimako suka tura. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

Aikin tantancewa ba shi da wuya kamar yadda ake zato, sai dai yana son haƙuri. Kafin ka rubuta cewa abu kaza ya faru, ka tambayi kanka wa ya faɗa maka, kuma shi gani ya yi ko ji, kuma yaushe. In hoto ne, ka tuna cewa hoto yana iya zama na gaskiya amma na wata ƙasa ko na wata shekara, ga shi kuma yanzu na'ura tana ƙera hoto da muryar mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. In ka ɗauko magana daga littafi, ka ambaci littafin da mai shi, kamar yadda malamanmu ke jingina kowace magana ga mai ita. In maganar lafiya ce ko hukuncin shari'a, kai kuwa ba likita ba ne ba kuma mufti ba, ka kai wa masu ita su duba. In kuma abin ya shafi mutuncin wani, to ka tsaya cik, domin giba da annamimanci da ƙazafi ba su canza hukunci don an yi su da yatsa maimakon harshe ba, bal ma sun fi muni, tun da maganar baki iska na tafiya da ita, rubutacciya kuwa tana nan ana ta juya ta. Hukuma ma ba ta bar wannan fage ba: Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 ya kai marubuta da 'yan jarida da dama gaban kotu kafin a yi masa gyara a 2024, Nijar kuma ta yi tata a 2019. Ba ina kiran kowa ga tsoro ba ne. Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano sun faɗa wa masu mulki gaskiya a rubuce a lokacin da hakan ke da tsada ƙwarai, amma sun faɗe ta da sunansu, da hujja a hannu, suna shirye su maimaita ta a gaban alƙali.

Sai kuma harshen kansa. Rubutun boko na Hausa yana da ƙa'idoji waɗanda aka daɗe ana wahala a kansu, tun daga ƙoƙarin Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, zuwa shigo da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980 inda aka nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Abin takaici ne a ce bayan duk wannan, rubutun da ya fi yawa a wayoyinmu shi ne wanda ba ya bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, wanda ke haɗe "ya zo" ya mayar da ita kalma ɗaya, ya kuma raba "gidansa" gida biyu, ya cusa x a wurin z da harafin Turanci a inda Hausa ba ta san shi ba. A da ana da uzurin cewa na'ura ba ta da haruffanmu; yanzu uzurin ya faɗi, domin allon rubutu na waya, irin su Gboard, yana da Hausa, abin da ake bukata kawai a shiga saiti a zaɓe ta. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana nan ga mai shakkar yadda ake rubuta kalma. Wannan ba ƙyale-ƙyalen malaman makaranta ba ne: kalmar da aka rubuta ta hanya uku daban-daban, mai nema a intanet zai sami ɗaya ya rasa biyu, yaron da ke koyon karatu a waya kuma abin da ya gani shi zai ɗauka daidai ne.

Akwai wata illa da ta fi kuskuren harafi ɓoyuwa, wato Hausar da aka yi tunaninta da Turanci. Tun da Google ya saka Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, ya zama da sauƙi mutum ya ɗauko maƙalar wani ya zuba ta a na'ura ya kwashe abin da ya fito ya sa sunansa, sai ka karanta ka ga kalmomin duk na Hausa ne amma babu Bahaushen da ya taɓa jera su haka. Maganin wannan tsoho ne, kuma kyauta ne: in ka gama rubutu ka karanta shi da ƙarfi, ko ka karanta wa wanda bai yi boko ba, duk inda ya ce "me?", nan ne gyara yake. Ba na kuma ganin laifi ga Basakkwace ko Bakatsine ko Badamagare ya bar ƙamshin karin harshensa a cikin zancensa, musamman a bakin mutanen labarinsa, matuƙar ya san daidaitacciyar Hausa ya kuma san lokacin da ya fita daga cikinta da gangan.

Game da inda za a ajiye rubutu, misali ɗaya ya isa: mai rubutu a dandalin wani kamar mai rumfar haya ne a kasuwa, yana cin albarkar taron jama'a, amma ranar da mai kasuwa ya ce a tashi, ba a shawara da shi. Wannan ya sha faruwa. Zaurukan Yahoo, inda marubuta da manazartan Hausa suka yi shekaru suna muhawara a kan adabi da fina-finai tun farkon shekarun 2000, an rufe su baki ɗaya a watan Disambar 2020. OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013, marubutan Hausa da yawa kuma suka sayar da littattafansu a cikinsa, ya daina aiki a ƙarshen 2023. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a watan Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Abin da aka zuba a zauren WhatsApp kuwa, in waya ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta, sau da yawa shi ke nan. Abin lura ne cewa takardun da aka rubuta da tawadar gargajiya shekaru 200 da suka wuce suna nan ana karanta su a Gidan Arewa na Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, amma rubutun da aka yi shekaru 15 da suka wuce a intanet da yawansa ya ɓace ba alama. Don haka ka fara rubuta abinka a wurin da kai ke da iko da shi, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ka aika wa kanka ta imel, abin da ya fi daraja kuma ka buga shi a takarda. In tafiya ta yi nisa, hali kuma ya samu, ka sayi adireshin kanka, ko da mai ƙarewa da .ng ne wanda hukumar NiRA ke kula da rajistarsa, ka mayar da sauran dandamali wurin shela kawai.

Maganar kuɗi ba abin kunya ba ce, marubuci ma yana cin tuwo. Sai dai ya kamata a faɗa wa mai farawa gaskiya, domin akwai masu yaudarar samari da cewa daga buɗe shafi sai daloli. Tsarin talla na Google, wato AdSense, ba ya biya sai abin da aka tara ya kai dala 100, ya kuma daɗe yana aiki da jerin harsunan da Hausa ba ta cikinsu, wanda hakan ya sa wasu suka koma cakuɗa rubutunsu da Turanci, suka rasa masu karatun gida ba su kuma sami na waje ba. Hanyar da ta fi tabbata a wurinmu ita ce wadda marubuta mata suka buɗe da kansu: a saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mai karatu a ce daga nan littafin kuɗi ne, a biya 'yan ɗaruruwan nairori ta banki ko da katin waya a shiga zaure. Tana aiki, amma tana da ciwonta, domin mutum ɗaya yana iya biya ya kwashe littafin ya watsa wa dubu, shi ya sa kusan kowane irin wannan littafi za ka ga an buɗe shi da "ban yafe ba" da "Allah Ya isa". Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta shafi abin da aka wallafa a intanet, amma kafin doka akwai tsoron Allah, kuma wanda ba ya son a ci guminsa kada ya fara da cin na wani, ko da hoto ɗaya ne ko sakin layi ɗaya. Wata fitinar kuma ita ce, da yake batsa da tonon silili sun fi saurin tara jama'a, wanda ya sa yawan mabiya ya zama alƙiblarsa zai ga yana zamewa can a hankali ba tare da ya yi niyya ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙinta da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta, wato matan da ta koyar, suna ɗauka suna kai wa matan karkara. Ta san sarai wa take rubuta wa da abin da take so ya amfane su da shi. Wanda ya amsa wa kansa waɗannan tambayoyi biyu tun farko, ƙididdigar masu latsa alamar so ba za ta juya shi ba.

Saura juriya, wadda ba ta bukatar dogon bayani. Maƙala ɗaya mai kyau a mako, wadda aka rubuta aka bar ta ta kwana aka sake dubawa da safe, ta fi goma a rana waɗanda aka yi cikin gaggawa. Watannin farko kuma kusan kowa shi kaɗai yake magana, sai 'yan uwa da abokai. Mai son ya gwada ƙarfinsa a gaban alƙalai yana da inda zai je, kamar gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin gajerun labaran mata, wadda ta fito da sunayen da a da ba a san su ba.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora wa yaro ɗan shekara 20 aikin mutum shida a ce ya yi shi kaɗai, manya suna gefe suna sukar Hausarsa. Muna da sassan nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni a Yamai, muna da kwalejojin ilmi, da rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, da tsofaffin editoci da ma'aikatan rediyo waɗanda suka yi ritaya da ilminsu a ka. Ina roƙon kowane ɗaya daga cikinsu ya karɓi sabon marubuci ɗaya ko biyu, ya riƙa karanta abin da suka rubuta kafin su saki, ya gyara musu harafi da jimla, ya tambaye su inda suka samo labari. Kai kuma mai farawa, kada ka jira a neme ka: ka rubuta maƙalarka ta farko a kan abin da ka fi kowa sani, ka kai wa malaminka na Hausa ko wani dattijo mai karatu a unguwarku ya duba, ka karɓi gyaransa da hannu biyu, sa'an nan ka saki.